Filin Kwamfuta, Tambaya da Amsa: "Amsa na fitowa a allo amma sai Python ya ce min None"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Funtuwa, wata biyu kenan ina koyon Python, wato yaren rubuta manhaja, a wayata da manhajar Pydroid 3, to yayana yana da shagon hatsi shi ne na ce bari in rubuta masa ɗan abin da zai riƙa lissafa masa kuɗin kaya. Ga abin da na rubuta:

def jimilla(farashi, adadi):
    print(farashi * adadi)

kudi = jimilla(1500, 4)
print(kudi + 500)

6000 ɗin yana fitowa lafiya lau amma da an zo layin ƙarshe inda nake so ya ƙara kuɗin dako sai ya watso min TypeError da wani abu wai NoneType, wallahi kwana uku ina fama har na fara tunanin ko wayar ce. Don Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wayarka lafiyarta ƙalau, kuma wannan ramin kusan duk wanda ya koyi rubuta manhaja sai da ya faɗa shi. Matsalar ita ce ka sa print a inda ya kamata ka sa return, su biyun kuwa ko kusa ba aikinsu ɗaya ba.

Ka ɗauka ka aiki yaro kasuwa da kuɗi ya sayo maka sukari, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce canjinka ɗari biyu ne, sannan ya juya ya yi tafiyarsa da kuɗin a aljihu. Ka ji adadin da kunnenka, amma hannunka babu komai, ba za ka iya sayen ko ashana da abin da ka ji ba. To print kenan, nuna wa mutum yake yi a allo kawai. Shi kuwa return shi ne yaron ya shigo ya damƙa maka canjin a hannu, daga nan kai ka san yadda za ka yi da shi, ko ka ajiye ko ka ƙara wani a kai.

Shi Python duk fankishin ɗin (wato guntun aikin da aka buɗe da def, kamar jimilla ɗinka) da ya ƙare bai haɗu da return ba, da kansa yake mayar da wani abu da ake kira None, wato babu. Shi ya sa kudi ɗinka ba 6000 ne a ciki ba, None ne, kai kuma ka ce a tara None da 500, shi ne ya ƙi. Gyaran layi ɗaya ne, ka goge print ɗin cikin fankishin ka rubuta return farashi * adadi, za ka ga 6500 ya fito. Ka kuma lura da zarar an kai kan return aikin fankishin ya ƙare nan take, duk abin da ka rubuta a ƙarƙashinsa a wannan layin tafiyar ba za a taɓa karanta shi ba. Ni shawarata fankishin mai lissafi ka bar shi ya yi lissafinsa ya miƙo amsa kawai, nunawa a allo a yi ta a waje, saboda gobe yayanka zai iya cewa yana so a tara cinikin yini gaba ɗaya ko a rubuta shi a fayil, kuma ba za ka so ka sake rubuta komai daga farko ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a Maraɗi, ina koyo da daddare idan yara sun kwanta. Kullum ina jin ana cewa faramita, wani lokaci kuma a ce agumen, abu ɗaya ne ko da bambanci? Kuma ta yaya zan gane abin da ya kamata ya zama faramita?

AMSA: Lafiya lau Malama, Allah Ya ƙara basira. Bambancin kamar na fom ne da ake cikewa. Gurbin da aka rubuta "Suna" aka bar layi a gabansa shi ne faramita, sunan da kika rubuta a kan layin shi ne agumen. Gurbin ɗaya ne amma kowa da abin da zai zuba a ciki. A tambayar da ta gabata farashi da adadi su ne faramita, 1500 da 4 su ne agumen. A baki mutane suna cakuɗa su kuma ba wani abu ba ne, amma saƙon kuskure na Python da agumen yake magana, misali idan ya ce an rasa guda ɗaya, to sanin bambancin zai taimake ki.

Tambayarki ta biyu ita ta fi burge ni don a nan gwaninta take. Duk abin da ke iya canzawa daga wannan kira zuwa wancan, wato duk lokacin da aka sa fankishin ya yi aiki, faramita ne. Dubi zakkar kuɗi:

def zakka(dukiya, nisabi):
    if dukiya < nisabi:
        return 0
    return dukiya / 40

Ɗaya bisa arba'in ba ya canzawa, bana da baɗi duk haka yake, shi ya sa na rubuta 40 a ciki kai tsaye. Amma nisabi yana bin farashin zinare ne, yau ya hau gobe ya sauka, kuma adadinsa a sefa daban a naira daban, to idan kika dasa shi a cikin fankishin ɗin duk sanda kasuwa ta motsa sai kin buɗe kin gyara, ran da kika manta kuma sai ya ba mutum lissafin da ba daidai ba a kan abin da ya shafi ibadarsa. Nan ma kin ga return biyu a fankishin ɗaya, wanda aka fara isa kansa shi ke aiki.

Sai abin da nake so ki kiyaye sosai, wato jeri. Mu ɗauki adadi don misali kawai, dukiya miliyan 20, nisabi miliyan 15. Idan kika rubuta zakka(20000000, 15000000) zai ba ki 500000.0, amma idan hannu ya zame kika juya su, zai ba ki 0 kuma ba zai yi ƙorafin komai ba, don shi bai san wanne ne dukiya ba, na farko ya zuba a gurbin farko kawai. Irin wannan kuskuren mai shiru ya fi mai jan rubutu haɗari nesa ba kusa ba. Maganinsa ki riƙa kiran su da suna, zakka(dukiya=20000000, nisabi=15000000), a haka ko kin juya su ba abin da zai faru, kuma wanda ya zo karantawa bayan wata shida zai gane abin da kike nufi.

TAMBAYA: Salam, daga Kumasi nake. Na ƙirƙiri wani suna riba a cikin fankishin, da na fito waje na ce print ɗinsa sai ya ce NameError, alhali ga shi nan ina kallonsa da idona.

AMSA: Ɗan'uwa duk sunan da ka ƙirƙira a cikin fankishin ɗan gida ne, a nan yake rayuwa, da fankishin ya gama aiki shi ma ya tafi, na waje ba sa ganinsa. Da gangan aka yi haka don fankishin goma su iya amfani da suna ɗaya ba tare da sun taka ƙafar juna ba. Za ka ga wasu na cewa ka sa global, kalmar da ke sa na waje ma su ga sunan, yana aiki amma ni ban so ka saba da shi tun yanzu. Ka sa return riba a ƙarshe, a waje kuma ka tare shi da wani suna, kamar sakamako = lissafi(kaya). Kuma tunda da alama a waya kake rubutu, ka duba return ɗin ya shiga ciki da tazara huɗu daidai da sauran layukan fankishin ɗin, in ya dawo bakin layi wani kuskuren daban zai sake fito maka.