Gwajin DNA zai tabbatar mini mu Barebari ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tudun Wada ne a Zariya. A gidanmu ana cewa kakan kakanmu daga Borno ya zo, amma babu takarda. Ƙanena da ke Ingila ya ce zai saya mini kayan gwajin DNA na asali. In bar shi ya kashe kuɗinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Idan abin da kake nema takardar da za ta ce "kai Babarbare ne", ka ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Yawu za ka tofa a 'yar kwalba a aika waje. Kamfani irin AncestryDNA ko 23andMe sai ya kwatanta ƙwayoyin halittarka da na mutanen da ke cikin rumbunsa, kuma Turawa sun fi yawa a can nesa ba kusa ba. Shi ya sa ɗan Arewa yakan ga an rubuta masa "Najeriya" da ɗan kason maƙwabta, abin da ya riga ya sani tun yana goye. Ga kuma lissafi: rabi ka gada daga uba, kusan kashi 25 daga kowane kaka, daga kakan kaka kuwa kashi 6 da 'yan kai. Zazzau ma gari ne da auratayya ta cakuɗa Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa tun zuwan Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko na Fulani.

Idan ta wajen uba kake nema, gwajin Y ya fi dacewa, irin na FamilyTreeDNA, domin shi ke bin layin maza zalla. Shi ma sai wani daga Bornon ya yi irinsa kafin a ga ko layinku ɗaya ne.

Ka kuma yi tunanin sirri. A 2023 an yi wa 23andMe kutse, bayanan mutum kusan miliyan 6.9 suka fita, a 2025 kamfanin ya shiga fatara. Sannan gwajin kan tono abin da ba a tambaye shi ba, ya raba zumunci.

Ni da ni ne, goro da turare zan saya in je wurin gwaggo mafi tsufa a gidan, in kunna rikoda a waya. Tambaye ta kirarin gidanku, tsagen fuskar kakanni, da unguwar da suka fara sauka a cikin birni. Daga nan ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi a Kaduna, da sunayen da ta ba ka.