Me ya sa Bash ke manta umarnin da na buga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Linux a wani shagon gyaran kwamfuta da ke Aboabo a Kumasi. Duk ranar da aka ɗauke wuta, idan na sake kunna kwamfuta sai in tarar umarnin da na buga sun ɓace. Haka kuma `sudo !!`, wanda ke maimaita umarnin ƙarshe da cikakken ikon mai kula da kwamfuta, yana aiki idan na buga da hannu, amma a cikin sikirif, wato fayil mai jerin umarni, sai ya ƙi. Mene ne dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, wato yadda Bash ke ajiye tarihin umarni. Bash, shirin da ke karɓar umarninka a Linux, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, yana riƙe umarnin da ka buga a ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, kuma ba ya zuba su cikin fayil ɗin `.bash_history` sai lokacin da ka rufe tagar buga umarni yadda ya kamata. Idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya riga ka, babu abin da zai kai ga fayil ɗin. Maganinsa shi ne ka buɗe `.bashrc`, fayil ɗin saitin Bash, ka saka `shopt -s histappend` da `PROMPT_COMMAND='history -a'`, domin kowane umarni ya shiga fayil da zarar ya kammala, ko da tagogi da yawa ka buɗe. Ka kuma ɗaga `HISTSIZE` da `HISTFILESIZE`, waɗanda ke ƙayyade yawan layukan da za a ajiye, saboda asalin Bash layi 500 kawai yake ajiyewa, wanda bai isa mai koyo ba.

Shi kuwa `!!`, wanda Bash ya gada daga wani shiri irinsa mai suna csh na Bill Joy, an yi shi ne domin mutumin da ke zaune yana bugawa. Sikirif yana gudana a cikin wani sabon Bash da bai san abin da ka buga ba, kuma a can an kashe tarihi da gangan, don kada alamar motsin rai a cikin jimla ta rikiɗe ta zama wani tsohon umarni. Ana iya kunna shi da `set -o history` da `set -H`, amma ban ba ka shawarar haka ba, domin sikirif da ke dogara da abin da aka buga a baya yana iya yi maka ɓarna, musamman tare da `sudo`. Ka rubuta umarnin cikakke, kowa ya ga abin da zai gudana.

Tun da shago ne da hannu da yawa ke taɓa kwamfutar, ka guji buga kalmar sirri a layin umarni, domin `.bash_history` rubutu ne a fili.