Gadon Turkiyya ko na kafintan unguwa? Amsoshin tambayoyinku kan kayan ɗaki

Duk lokacin da azumi ya gabato, tambayar kayan ɗaki ce take cika mini akwati, don kowa yana so ya kai 'yarsa ɗakinta kafin a ga wata. Na tsamo guda biyar, amma ta farkon ce za ta ci mana wuri.

Tambaya: Anti, 'yata ta fari zan aurar nan da wata huɗu. Ita da ƙawayenta sun dage sai saitin gado ɗan Turkiyya irin wanda suke gani a Instagram. Mahaifinta ya ce abin da ke hannunsa ba zai kai ba, a ba kafinta ya yi. Ni kuma tsorona kada dangin miji su zo ganin ɗaki su raina mu. Daga wata uwa a Gusau.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Masu ganin ɗaki yini ɗaya za su yi, su taɓa labule, su buɗe sif, su ci cincin su tafi. 'Yarki ce za ta kwana a gadon nan shekara da shekaru, ita za ta tashi da shi in an yi wa mijin canjin wurin aiki, 'ya'yanta ne za su mayar da shi filin tsalle. Da wannan za ki auna, ba da bakin mutane ba.

Tambayar da nake so ki riƙa yi a kowane shago ba "ɗan ina ne?" ba ce. Ki ce, da me aka yi shi? Yawancin saitin da ke ɗaukar ido, na waje da na gida, da MDF ake yin su, wato garin katako da aka kwaɓa da gam aka matse ya zama falle, aka lulluɓe shi da wata leda ko fenti mai sheƙi. Yana da kyau a ido, ba ya kuma lanƙwashewa kamar ɗanyen katako, gaskiyarsa ke nan. Amma abu biyu ne ajalinsa: ruwa da tashi. A ɗakin da ake goge tayil da ruwa kullum safe, ƙafar sif takan sha ta kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma in ta kumbura ba ta komawa. Ranar da aka kwance shi za a sake gida, noti ya fita ya bar rami, in an mayar ba ya kamawa. Na katakon gaske kuwa, in ya karce a goge da sanfefa a sake fenti, in ƙafa ta karye kafinta ya sassaƙo wata, in yayi ya wuce a canza masa fuska. Abin da kike saye a wurin mai aikin hannu ke nan: kayan da ake iya gyarawa a bakin titin unguwarku.

Ki kuma sani, ba duk abin da aka kira ɗan Turkiyya ne ya hau jirgin ruwa ba. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki cikin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, ba a ɗage ba sai a Oktoban 2023, lokacin kuma naira ta riga ta faɗi. A tsakanin nan kafintocinmu suka ƙware wajen kwaikwayon fasalin na waje daga hoton waya. Sau da yawa sunan ne kawai baƙo, kuma sunan kike biya.

To amma kada ki ji na yabi kafinta ki ɗauka duk mai zarto gwani ne. Ni ma na sha a hannun wani. Na ba shi aikin sif a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, ya kawo abu gwanin sha'awa, har maƙwabta suna shigowa kallo. Hunturu na kamawa, wata rana da daddare muka ji ƙas! kamar an taka busasshen kara. Da safe na ga ƙofar tsakiya ta tsage daga sama har wajen mariƙi, tsagar da zan iya zura sisin kwabo a ciki, sauran biyun kuma suka ƙi haɗa baki. Ɗanyen katako ya yi mini aiki da shi. Katako yana shan laima da damina, yana tsukewa da rani, kuma wanda aka sare a dajin kudu aka loda a tirela aka kawo shi busasshiyar iskarmu yana bukatar ya zauna ya huce kafin a sa masa zarto. Da na koma, cewa ya yi, "Hajiya, ai sanyi ne." Na sani sanyi ne, shi ya sa ake busar da katako.

Don haka ga yadda za ki yi da wata huɗun nan. Kada ki zaɓi kafinta da hotunan wayarsa, rabinsu ba aikinsa ba ne. Ki ce ya kai ki gidan da ya yi wa aiki shekara uku ko huɗu da suka wuce, ki ja durowa ki ji ko tana tafiya sumul, ki leƙa bayan gado inda ba a yi wa kwalliya. Ki duba mahaɗa: wanda ya sassaƙa katako ya shiga cikin ɗan'uwansa ya fi wanda ya tara ƙusoshi ya rufe da fenti. Ki ambaci katakon da baki, a rubuta a takarda. Maɗaci da loko suna da nauyi da ƙarko. Malaina ta fi sauƙin kuɗi, tana kuma yin aiki in ta bushe sosai. Farin katako mara nauyi shi ne abincin ƙwaro. In kin ga ɗan gari kamar fulawa yana zuba a ƙarƙashin kujera, an riga an shiga. Maɗobiya tana da kyau ƙwarai, amma saran da aka yi mata ana kai wa Sin, musamman daga dazukan Taraba, ya sa tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya, saboda haka in wani ya yi miki tayinta da araha, ki yi shakka. In da hali, Alhaji ko wani ɗanki ya bi kafintan 'yan katako a saya a gabansa. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan aiki, sauran sai an kawo an ɗaura. Ki kuma faɗa masa ranar da ta riga ranar jere da wata guda cur, don alƙawarin kafinta ƙanen na tela ne.

Ita kuma amarya, a bar ta ta zaɓi fasali da launi. A ɗan tausa ta dai ta auna ɗakin tukuna. Na sha shiga ɗakin amarya da aka cusa wa gado da sif mai ƙofa shida da madubi da kujeru, har babu inda za a shimfiɗa sallaya.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kaduna, ina haya ciki da falo. Ina son falona ya nuna ni Bahaushe ne, amma da na gwada rataya faya-fayai da ƙorai sai abokaina suka ce ya zama shagon tsaraba. Ina na kuskure?

Ɗana, abokanka sun faɗi gaskiya, ko da yake da baƙar magana. Kuskuren shi ne ka ɗauki kayan amfani ka mayar da su abin kallo, kuma ka tara su da yawa. A ɗakunan kakanninmu faifai rufe ƙwarya yake yi, tabarma zama ake a kanta, luru da gwado rufa ake da su. Kyansu yana fitowa ne a bakin aiki. Ko jeren da iyayenmu mata suke yi, na ƙorai da ya koma na kwalla da samira, yana da tsari: bango guda ake ba shi, a jera daga babba zuwa ƙarami, sauran ɗakin a bar shi ya sha iska.

Ka sauke komai, ka bar bangon fari ko ruwan ƙasa. Ka zaɓi abu guda babba da ido zai fara sauka a kansa. In ni ce, gwado mai ratsi zan shimfiɗa a bayan doguwar kujera, ko babban farantin tagulla na Bida a kan 'yar ƙafar katako ya zama teburin shayi. Sai tum-tum biyu na fata, waɗanda baƙi za su zauna a kai da gaske. Tabarmar kaba mai kyan saƙa ta fi santa kafet ɗin roba dacewa da zafinmu, ana kuma kaɗe ta a waje a huta da ƙurar da kafet ke ɓoyewa. Faya-fayan nan naka, uku sun isa a bango, sauran ka kai su kicin su yi aikinsu. Tulun ƙasa guda a kusurwa ma ado ne. Ka ciro naira ashirin ka duba bayanta, Ladi Kwali ce take gina tukunya, kuma tukwanenta suna gidajen adana kayan tarihi a Turai.

Tun da haya kake, kada ka kashe kuɗi a jikin bango. Zanen dagi da sauran ado irin na tsofaffin gidajen birnin Zariya da unguwar Birni ta Damagaram abu ne mai kyau, amma ranar tashi mai gida za ka bar wa. Ka sa a yi maka shi a kan allon katako, ka rataya.

Tambaya: Na sayi tum-tum a matsayin na fata, bai shekara ba ya fara saɓulewa kamar fatar maciji. Yaya ake gane na gaske? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

'Yar'uwa, abin ya ba ni mamaki da takaici, a ce a Maraɗi aka sayar miki da roba, garin da jar akuyarsa da ta Sakkwato suka yi suna saboda fata. Irin fatar nan ce ayari ke ketare Sahara da ita, Turawa suna saye a arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko.

Fatar gaske ba ta saɓulewa, tsufa take yi, ta yi duhu ta yi laushi. Ki buɗe zif ko bakin ɗinkin ki duba cikin: bayan fata gashi-gashi ne mai ɗan kaushi, bayan roba kuwa yadi ne ko raga. Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani. Fatar da aka jeme da bagaruwa takan tsotse shi a hankali ta bar ɗan duhu, roba kuwa ruwan gangarewa yake. Ki shinshina. Ki kuma dubi ɗinkin, na baduku ba ya zama daidai-wa-daida kamar na inji, kuma sau da yawa da siririn zaren fata yake yi. Wari mai tayar da zuciya alama ce ta jimar da ba ta nuna ba, kada ki yarda da "zai fita", da damina ƙaruwa yake. In kin shiga Kano, ki zaga Kurmi da Ƙofar Wambai, ki sayi fanko ki cika da kanki da audugar rimi ko tsofaffin tufafi masu tsabta, ya fi sauƙin ɗauka, kin kuma san abin da ke ciki. Da hunturu ki shafa masa ɗan man kaɗanya kaɗan, bayan kin gwada a ƙasansa, don yana ƙara duhun launi.

Tambaya: Zan iya yin labule da rigunan filo da yadin da aka rina a Ƙofar Mata?

Ƙwarai kuwa. Marinar nan, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da baba da toka take aiki, kuma shuni yakan zuba a wankin farko-farko. Ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi har ruwan ya washe kafin ki kai wa tela, ki shanya a inuwa. Labulen a yi masa shafi ta bayansa saboda rana. Ki gaya wa marinin abin da za ki yi da shi, don kada ya ba ki mai bugu irin turkuɗi. Shi wannan an yi shi ne ya riƙa barin shuni a jiki, kuma baƙonki mai farar shadda ba zai gode miki ba.

Tambaya: Me ya sa masu saƙar tabarma da faifai suke tsawwala kuɗi, alhali ta roba ba ta kai rabin haka ba? Nawa ya kamata in taya?

Malam, kafin ka taya, tambayi mai ita kwana nawa ta yi tana saƙawa, ban da yankan kabar, da shanya, da tsagawa, da rini. Ka raba kuɗin da ta faɗa da kwanakin, sannan ka kwatanta da abin da kake ba ɗan acaɓa daga gida zuwa kasuwa. Mu ne muke shiga babban kanti mu biya abin da aka manna a jikin kaya ba ko tari, mu fito mu tsaya kan tsohuwa muna neman ragin naira ɗari. Ciniki halal ne, ka yi tayi, musamman a hannun dillalin birni da ya ninka. In kana son sauƙi na gaske, ka bi ta kasuwar ƙauye ran da take ci, ka sayi biyu ko uku a hannun masu saƙar. Ka ɗaga ta ka duba ta wajen rana: in haske yana ratsowa da yawa, saƙar ta yi sako-sako, ka ajiye ka ɗauki ta ƙasanta.