Auna tsananin fari da lissafin ruwan sama

Ka tambaya ko lissafin ruwan sama kaɗai zai isa a auna tsananin fari a yankin kogin da ruwa bai wadata ba. Zai isa, da ma'aunin SPI (Standardized Precipitation Index), wanda ke kwatanta ruwan saman da aka samu da wanda aka saba samu a wurin tsawon shekaru. Tattara jimillar ruwan kowane wata ta aƙalla shekara 30, daga tashoshi da dama a faɗin yankin. Da wannan jimillar ake lissafa SPI. Sakamakon -1 zuwa -1.49 fari ne matsakaici, -1.5 zuwa -1.99 mai tsanani, -2 zuwa ƙasa kuwa ya kai maƙura.

Sai dai ka guji SPI na wata ɗaya a lokacin rani. Sifili ne ya cika waɗannan watanni, don haka ɗan yayyafi kawai sai ya nuna maka kamar an sha ruwa. Ɗauki na wata 3 a tsakiyar damina don amfanin gona, na wata 12 don madatsun ruwa da rijiyoyi.