Ka ce tunda akwai Raman a daina ɗibar samfur?

Yaro, kana tambayata wai tunda an dasa mana na'urar Raman a jikin tukunyar da muke haɗa folima, wato sinadarin roba, mene ne kuma amfanin ɗibar samfur da hannu a kai awo. Ka taɓo mini tsohon miki, don haka ajiye wayar nan ka saurara.

Na'urar ba ƙarya take yi ba. Lesa ce ke haska ruwan haɗin, hasken da ya dawo ya nuna maka ɗaurin nan biyu da ke tsakanin kabon da kabon a jikin monoma, wato ƙananan ƙwayoyin da ke sarƙewa su zama folima. Alamar ɗaurin tudu ce da ke fitowa tsakanin lamba 1630 da 1640 a zanen allo, monoma na zama folima yana sauka. In akwai monomar da ake kira sitairin a haɗin, sai ka gwada shi da tudun zoben kabon ɗinsa na wajen 1000, wanda yake nan daram har ƙarshe. Wani masani ɗan Indiya mai suna Raman ya gano hikimar a 1928, kuma mun fi son ta da na'urar awo ta hasken infirared ne saboda ruwa bai cika damunta ba, ga shi wajen rabin abin da ke tukunyarmu ruwa ne.  

A wata masana'anta da na yi aiki, wani dare muna haɗa monoma biyu, butil akirilet da sitairin, ana ɗura monoma a hankali na tsawon awa 4. Na bar aikin a hannun wani saurayi mai sabon digiri, irin ku ɗin nan da allo ne alƙiblarku. Bayan awa guda famfon fasalfet, sinadarin da ke kunna haɗin, ya toshe. Babu mai kunna haɗi, haɗi ya mutu, monoma kuwa tana ta kwarara tana taruwa. Allo fa? Tudu a ƙasa, layi miƙe sambal kamar an ja da rula. Ashe ɓawon folima ne ya manne a gilashin idon na'urar, shi take ta karantawa, ba ta ganin abin da ke yawo a tukunya. Shi kuma ya miƙe ƙafa yana murna aiki na tafiya.

Da ya waiga kaɗan da ya gani. Haɗi mai rai zafi yake fitarwa, kowane mol (ma'aunin yawan sinadari) na akirilet yana fitar da zafi sama da kilojul 70, shi ya sa rigar tukunya, wato kewayen da ruwa ko tururi ke bi don sanyaya ta ko ɗumama ta, take shan ruwan sanyi ba tsayawa. A daren nan ta daina neman ruwa, har ta koma neman tururi. Ko makaho ya dafa bututun ya san haɗi ya mutu.

Da ya lura famfo a tsaye yake, maimakon ya tashe ni, sai ya gyara shi ya buɗe gaba ɗaya don ya rufe laifinsa. Duk monomar da ta taru ta kama lokaci guda. Zafi ya haura, tukunya ta tafasa, kumfa ya yi ambaliya ta sama, abin da ya rage ya dunƙule ya naɗe sandar juyawa kamar roba. Allah ne ya tsare ba a rasa rai ba. Kwana uku muna sara da ƙwaƙule tukunyar. Kuma ka san wa aka ɗora wa laifi? Ni, don ni na sa hannu aka sayi na'urar. Wanda ya sayar mana, da bakinsa ya ce gilashin ba ya kama datti, da aka neme shi ya ce mu ne ba mu iya wankewa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Saboda haka duk awa ka ɗebi samfur, ka busar, ka auna abin da ya rage, ka gwada da abin da allo ke faɗa. Layi ya miƙe ba ko ɗan motsi, zarge shi. Riga ta daina shan ruwa, tsayar da monoma, kada ka ƙara ko ɗigon fasalfet sai ka kira ni. Ɗan ragowar monoma na ƙarshe ma Raman ba ta gani sosai, sai an kai kuromatogirafi, awon da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur.

Gobe kafin a rufe tukunya, ciro idon nan ka kawo mini in duba da kaina.