Ku Tambaya Mu Amsa: Yaya Ake Yi wa Saitin Sulallan Ajiya Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi karatu a Amurka kuma ya daɗe yana zuwa can. Bayan rasuwarsa mun tarar da ambulan huɗu a akwatinsa, sulalla sababbi fil a liƙe cikin leda, na shekarun 1964, 1970, 1979 da 1996. Za a raba gado, to yaya za mu yi musu kuɗi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Abin da ke hannunku saiti ne da ma'aikatar buga sulalla ta Amurka ke haɗawa kusan kowace shekara tun 1947, tana sayar wa masu tarawa. Kafin komai, kada wanda ya yanka ledar, kada kuma a yar da ambulan ɗin, domin da su ake saye.

A fara da azurfa, don ita ce ƙasan farashi. Har zuwa 1964, sulallan Amurka masu senti 10, 25 da 50 kashi 90 cikin ɗari azurfa ne. Nauyinsu giram 2.5, da 6.25, da 12.5, jimilla 21.25. Saitin 1964 yana ɗauke da kowanne sau biyu, bugun Filadelfiya da na Denba, wato giram 42.5. Kashi 90 na wannan shi ne giram 38.25 na azurfa zalla. Kasuwar duniya da oza take awo, ozar azurfa kuwa giram 31.1 ce, ka ga kuna da oza 1.23 ke nan. Duba farashin oza na ranar, ka ninka. Duk wanda ya taya ƙasa da wannan da nisa, ku ce masa albarka. Amma ku ƙirga tukuna: idan sulalla biyar ne kawai masu sheƙi kamar madubi, wani nau'in ne daban, azurfarsa rabin wancan lissafi ce.

Na 1970 ya fi ban sha'awa. Rabin dalar da ke ciki, wato senti 50, mai harafin D, alamar bugun Denba, kashi 40 kawai ce azurfa, giram 4.6, sai dai ba a taɓa sakin ta kasuwa ba, a cikin saiti kaɗai ta fito, kuma ita ce ke ɗaga farashinsa. Sannan a sa gilashin ƙara girma a kan senti ɗaya mai harafin S, alamar bugun San Faransisko. Idan a rubutun shekarar kan lambar 7 ya yi daidai da kan 9 da 0, shi ne bugun da ake kira mai ƙananan lambobi, ya fi tsada. Idan 7 ɗin ta ɗan sauka ƙasa, na gama-gari ne.

Na 1996 kuwa, a lalubi ambulan da kyau. Akwai senti 10 guda mai harafin W, bugun West Point, a ledarta ita kaɗai. Idan tana nan, ita ce rabin ciniki ko fiye. Idan wani ya riga ya zare ta, saitin ya zama gayya ba ango.

Na 1979 babu azurfa ko ƙwaya. Dubi gefen sulen za ka ga jan layin tagulla a tsakiya. An haɗa fiye da miliyan biyu, kusan kowa ya adana nasa, don haka kada ku sa masa rai. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi.

Sauran aikin na intanet ne. A dandalin saye da sayarwa na eBay a rubuta shekarar saitin, a zaɓi kayan da aka riga aka sayar, ba waɗanda aka kasa ana jiran mai saye ba, don mai kaya yana iya sa kuɗin da ya ga dama. A ɗauki ciniki goma na watannin nan, a yar da mafi tsada da mafi araha, a kama na tsakiya. Daga nan a cire la'adar dandalin, wadda ta haura kashi 10, da kuɗin aikawa daga Najeriya, wanda sau da yawa ya fi kuɗin saiti irin na 1979. Abin da ya rage shi za a rubuta a takardar gado. Dillali kuwa ƙasa da haka zai taya, tunda shi ma riba yake nema.

Tambaya: Sulallana sun fara dushewa, wasu har da ɗigon kore. In goge su da toka da lemun tsami kafin in sayar? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya, wannan na tukunya ne. Sabon sule yana da wani sheƙi da bugu ya bar masa, idan ka juya shi a haske sai ka ga hasken yana zagayawa. Toka tana kankare shi, ta bar ƙananan zane-zane, kuma ba ya dawowa. Mai saye yana ganewa da kallo ɗaya, sai ya koma biyan kuɗin ƙarfe. Dushewar da ta zo da kanta ba aibu ba ce, wasu ma launin suke nema. Ɗigon kore shi ne matsala: ko laimar damina ce ta ci tagulla, ko an ajiye su cikin roba mai laushi da ke fitar da sinadari. A raba masu koren da sauran, a sa su a gwangwani mai murfi tare da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. In ya zama dole a taɓa sule, a riƙe shi ta gefe.

Tambaya: An ce in aika PCGS ko NGC su tantance min. Ya dace? Mai karatu daga Kumasi.

Amsa: Waɗannan kamfanoni biyu na Amurka masu tantance sulalla suna ba sule maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a roba mai tauri. Kowane sule ake biya wa, ga kuɗin kai da kawowa da inshora, don haka saitin gama-gari ba zai mayar da kuɗinsa ba. Inda ya dace shi ne kuskuren bugu, misali saiti mai sheƙin madubi na San Faransisko da aka manta harafin S: senti 10 na 1968, 1970, 1975 da 1983, senti 5 na 1971, da senti 1 na 1990. A kula, a cikin irin wannan saitin kaɗai rashin S ke da daraja. Senti 10 na 1975 da aka tsinta a canji babu harafi bugun Filadelfiya ne, senti 10 ɗin dai shi ne kuɗinsa.