Fiza ƙanana biyu ko babba ɗaya?

Hajiya, sannu da hidima. Kin ce baƙi shida za ki tara a gidanki na Malali, kina tambaya ko ki sayi fiza (wato pizza, gurasar nan mai cuku da nama) mai inci 10 guda biyu ko mai inci 14 guda ɗaya.

Incin da suke rubutawa faɗin fizar ne daga baki zuwa baki, shi ya sa ido ke yaudarar mutum. Mai inci 10 filinta kusan murabba'in inci 79 ne, mai inci 14 kuwa kusan 154. Ƙananan biyu sun tashi kusan 157 ke nan, wato kunnen doki suke da babbar. Ga shi kuma a ƙanana biyu busasshen gefen ya fi yawa, wurin cuku da nama ya ragu. In kuɗin biyun ya haura na babbar, ki ɗauki babbar kawai.

Sai dai guda ɗaya ba za ta ƙosar da mutum shida ba. Yawanci gida 8 ake yanka ta, babban mutum yakan ci yanka 2 zuwa 3, samari ma sukan wuce haka. Ki sayi manya biyu, ko ki haɗa ɗaya da shinkafa da zoɓo. In akwai yaran da ba sa son yaji, ƙaramar daban za ta yi musu amfani. Kafin ki biya ki tambayi inci nawa ce babbarsu, domin kowane shago da nasa awon.